Lissafin Kwanan Wata da Tantance Abin da Mai Amfani Ya Shigar: Amsar Wata Tambaya

Ka ce, ɗan'uwa, kana rubuta manhajar da za ta yi aiki a kan kwamfutar tebur, mai fom ɗin da ake shigar da ranar fara yarjejeniya da adadin watanninta, ita kuma ta fitar da ranar ƙarewa da kwanakin da suka rage. Ka kawo ƙorafi uku: wani lokaci manhajar takan rufe kanta idan aka rubuta kwanan watan da ba ta gane ba, ranar ƙarewa takan fito ba daidai ba idan ranar farawa ta faɗo a ƙarshen wata, sannan da ka gwada ta a wata kwamfutar sai rana da wata suka yi musanyar wuri. Kana son sanin yadda za ka gyara lissafin, da kuma yadda za ka hana shigar da abin da bai dace ba.

Waɗannan matsaloli uku tushensu ɗaya ne, wato kwanan watan yana yawo a cikin manhajarka a matsayin rubutu, ko a matsayin lambobi uku da ba su san da zaman juna ba. Abin da ya kamata shi ne, da zarar mai amfani ya gama rubutawa, a juya rubutun sau ɗaya tak zuwa nau'in da harshen da kake aiki da shi ya tanada domin kwanan wata, kuma daga nan duk wani lissafi da kwatanci ya gudana a kan wannan nau'in, ba za a sake mayar da shi rubutu ba sai lokacin nunawa a allo ko bugawa a takarda. A Java nau'in shi ne LocalDate, wanda ya zo da Java 8 a shekarar 2014. A C# akwai DateOnly tun daga .NET 6 na shekarar 2021, kafin nan kuwa DateTime ake amfani da shi a yi watsi da ɓangaren sa'o'i. A Qt, wato kayan gina manhajojin tebur, akwai QDate, a Python akwai date. Duk wanda ka ɗauka, yana ƙin karɓar ranar da babu ita, ko aƙalla yana ba ka hanyar tambayarsa ko ranar ta inganta, kuma wannan kaɗai ya ɗauke maka rabin wahalar.

Kafin ka zaɓi nau'i, ka rarrabe tsakanin abubuwa biyu da sukan rikita masu farawa. Ranar kalanda daban ce, takamaiman lokaci kuma daban. Ranar haihuwar mutum ko ranar sa hannu a yarjejeniya ba ta da sa'a, ba ta da shiyyar lokaci, kuma ba ta canjawa idan aka buɗe fayil ɗin a wata ƙasa. Lokacin da aka danna maɓallin adanawa kuwa takamaiman lokaci ne, shi ya dace a ajiye shi da agogon duniya na UTC. Wanda ya ajiye ranar kalanda a matsayin ƙarfe goma sha biyun dare na agogon kwamfutarsa, sannan wani ɓangare na manhajar ya juya ta zuwa UTC, idan agogon ƙasarsa yana gaban UTC, zai wayi gari ya tarar ranar ta koma baya da kwana ɗaya ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Haka kuma kada ka ƙirga kwanaki ta hanyar raba sakan da 86,400, domin a ƙasashen da ke tura agogo gaba lokacin bazara akwai rana mai awa 23 da rana mai awa 25 a kowace shekara. A yawancin jihohin Amurka, daga tsakar daren 10 ga Maris 2024 zuwa tsakar daren 11 ga Maris awa 23 ne kawai, saboda haka mai raba sa'o'i da 24 ya jefar da ragowa zai sami sifili a inda amsar take kwana ɗaya. Aikinka na yarjejeniya ranar kalanda tsantsa yake buƙata, don haka ka bar sa'o'i a waje.

Ƙa'idar shekara mai ƙarin kwana gajeriya ce: duk shekarar da 4 ta raba ba saura tana da 29 ga Fabrairu, sai dai idan 100 ta raba ta, to ba ta da shi, sai kuma idan 400 ta raba ta, to ya dawo. Shi ya sa 2000 take da kwana 366, amma 1900 ba ta da shi, 2100 ma ba za ta samu ba. Ka san ƙa'idar domin ka iya duba aikinka, amma ina ba ka shawara mai ƙarfi kada ka rubuta ta da hannunka a cikin manhajar da mutane za su dogara da ita, domin manyan kamfanoni ma sun yi tuntuɓe a nan. Ranar 31 ga Disamba 2008 na'urorin sauraron waƙa na Zune masu gigabait 30 sun daskare, saboda kod ɗin da ke juya adadin kwanaki zuwa shekara ya shiga zagayen da ba shi da mafita a rana ta 366. Ranar 29 ga Fabrairu 2012 Azure, hidimar kwamfutocin intanet ta kamfanin Microsoft, ta sami tsaiko mai tsawo, saboda an lissafa ranar ƙarewar wata takardar shaidar tsaro ta hanyar ƙara ɗaya a kan lambar shekara kawai, abin da ya haifar da 29 ga Fabrairu 2013, ranar da ba ta taɓa wanzuwa ba. Excel kuwa har yau yana ɗaukar 1900 a matsayin shekara mai ƙarin kwana, kuma da gangan aka bar shi haka domin ya yi daidai da Lotus 1-2-3, wata manhajar teburin lissafi da ta gabace shi, saboda haka idan manhajarka za ta karanto lambobin kwanan wata daga Excel, ka sani lamba 60 tana nufin 29 ga Fabrairu 1900 wanda babu shi.

Yanzu ga ƙorafinka na biyu, wanda a ganina shi ne mafi muhimmanci, domin babu laburare, wato tarin kod ɗin da aka riga aka rubuta don a yi amfani da shi, da zai warware maka shi shi kaɗai. Ƙara kwanaki ba shi da gardama: kwana 30 bayan kowace rana amsa ɗaya gare shi. Wata kuwa ba ma'auni ba ne mai tsayayyen tsawo, yana iya zama kwana 28, 29, 30 ko 31, kuma idan ka tambayi mene ne wata ɗaya bayan 31 ga Janairu 2023, ka yi tambayar da kalanda ba ta da amsarta, tunda babu 31 ga Fabrairu. Umarnin plusMonths na Java, da AddMonths na .NET, da addMonths na Qt duk sukan ja ranar baya zuwa ƙarshen watan, su ba ka 28 ga Fabrairu. Date na JavaScript, wanda za ka gamu da shi idan da Electron kake aiki, wato kayan gina manhajar tebur da JavaScript, yakan bar kwanakin da suka yi rara su malala cikin wata na gaba, ya ba ka 3 ga Maris, kuma mktime na harshen C ma haka yake yi. Shi kuwa timedelta na Python bai ma yarda da wata a matsayin ma'auni ba, sai ka nemi relativedelta daga laburaren dateutil. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, kowa ya zaɓi wata al'ada ce. Wanda ya kamata ya yanke hukunci shi ne mai aikin da kake rubuta wa manhajar, domin shi ya san abin da yarjejeniyar take nufi da wata guda. Ka je masa da misalin 31 ga Janairu a rubuce, ka tambaye shi wace rana yake so ta fito, ka rubuta amsarsa a jikin kod ɗin domin wanda zai gaje ka ya san ba da ka aka yi ba.

Akwai wani tarko da ke biye da wannan, wanda yakan kama har waɗanda suka yi amfani da laburare mai kyau. Idan kana fitar da jerin ranakun biya na wata-wata, kada ka riƙa ƙara wata ɗaya a kan sakamakon baya. Ka fara da 31 ga Janairu, ka sami 28 ga Fabrairu, ka ƙara wata a kansa ka sami 28 ga Maris, daga nan kuma duk sauran ranakun sun maƙale a 28 har ƙarshen yarjejeniyar. Idan kuwa kowane lokaci ka koma ranar asali ka ƙara wata biyu, wata uku, wata huɗu, za ka sami 31 ga Maris, 30 ga Afrilu, 31 ga Mayu, wanda shi ne abin da mutane suke tsammani. Dalili ɗaya ne ya sa ƙara wata sannan a cire wata ba lallai ya mayar da kai inda ka taso ba: 31 ga Janairu ya tafi 28 ga Fabrairu, ya dawo 28 ga Janairu. Don haka ka ajiye ranar farawa da adadin watanni a rumbun bayanai, kada ka yi ƙoƙarin gano ranar farawa ta hanyar ja da baya daga ranar ƙarewa.

Tambaya ta gaba da za ka kai wa mai aikin ita ce ko ranar ƙarshe tana cikin lissafi. Daga 1 ga Maris zuwa 5 ga Maris, kwamfuta za ta ce tazarar kwana 4 ce, amma ma'aikacin da ya ɗauki hutu a waɗannan ranakun kwana 5 ya yi. Yarjejeniyar shekara guda da ta fara 1 ga Janairu tana ƙarewa ne 31 ga Disamba ko 1 ga Janairu na gaba? Ni na fi son a cikin kod a ɗauki ranar farawa tana ciki, ranar iyaka kuma tana waje, domin ta haka zango biyu da ke bin juna ba sa hawa kan juna kuma ba sa barin giɓi, sai a cire kwana ɗaya lokacin nuna wa mutum. Ko wanne ka zaɓa, ya zama a wuri ɗaya ake yin wannan ƙari ko ragi, ba a warwatse cikin fom-fom ba. Idan kuma kwanakin aiki ake so, ranakun hutun mako da na hutun gwamnati su zauna a teburin da za a iya gyarawa, domin sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, wasu ma daga shekara zuwa shekara.

Shekarun mutum ma ba a samun su da rabawa. Ɗauki wanda aka haifa 15 ga Yuni 2005. Ranar 15 ga Yuni 2023 ya cika shekara 18, kuma kwanakin da suka shige 6,574 ne. Idan ka raba da 365.25 za ka sami ƙasa da 18 da kaɗan, manhajar ta ce shekararsa 17 a ranar da ya cika 18. Idan ka raba da 365, za ta ba shi 18 tun 11 ga Yuni, saura kwana huɗu. Hanyar da ta inganta ita ce a cire shekarar haihuwa daga shekarar da ake ciki, sannan a rage ɗaya idan watan da ranar haihuwar ba su zagayo ba tukuna, ko a bar Period.between na Java da makamantansa su yi aikin.

Mu juya ga shigarwa. Rubutun 03/04/2025 a Amurka yana nufin 4 ga Maris, a Ingila da ƙasashe masu yawa kuma 3 ga Afrilu. Umarni irin su DateTime.Parse suna bin saitin yanki na kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta, wannan ne dalilin da ya sa abin ya yi daidai a taka ya juye a ta wani. Abin da ya sa na ɗauki wannan kuskuren a matsayin mafi haɗari shi ne ba ya yin ƙara. Ranakun 13 zuwa 31 za su jawo saƙon kuskure tunda babu wata na 13, amma a kowace shekara akwai ranaku 132 da rana da wata za su yi musanya lami lafiya, su shiga rumbun bayanai a matsayin ranaku ingantattu, kuma bayan watanni ba wanda zai iya tantance wanne ne aka juya wanne ne ba a juya ba. Saitin yanki yana iya canja har kalandar kanta, domin kwamfutar da aka saita ta a kan Tailan tana ƙirga shekara da kalandar Buda, wadda ta ɗara ta Miladiyya da shekara 543. Maganin shi ne ka fayyace tsarin da kake karɓa, ka rubuta shi a gefen akwatin inda ido zai gan shi, ka yi amfani da umarni mai tsauri kamar TryParseExact na .NET tare da InvariantCulture, wato saitin da ba ya bin yankin kwamfutar. Wannan umarnin yana amsa maka da e ko a'a ne maimakon ya jefo kuskuren da zai kashe manhajar, kuma da shi ƙorafinka na farko ya kau.

Kada ka ɗauka cewa ba da tsari kaɗai ya wadatar, domin wasu laburaren suna da sassaucin da ba ka nema ba. Tsohon SimpleDateFormat na Java zai karɓi 31/02/2023 ya mayar da shi 3 ga Maris sai ka kira setLenient da false. Sabon DateTimeFormatter ma, a yanayinsa na asali, zai karɓi wannan rubutun ya ja shi zuwa 28 ga Fabrairu shiru, sai ka sa shi a yanayin STRICT, a nan kuma harafin shekara uuuu ake so ba yyyy ba. A lissafi jan rana zuwa ƙarshen wata hukunci ne da aka yanke da sani, amma a shigarwa ɓoye kuskure ne, domin wanda ya rubuta 31/02 wataƙila 31/03 yake nufi, wataƙila 21/02, kuma shi kaɗai ya san wanne. Ka lura da manya da ƙananan haruffa a cikin tsarin: MM wata ne, mm minti ne, sannan YYYY a Java shekarar lissafin makonni ce, wadda za ta nuna 30 ga Disamba 2024 a matsayin 2025, kuskuren da ba ya bayyana sai a kwanakin ƙarshen shekara. Duba siffar rubutu da tsarin daidaita haruffa, wato regex, ma bai isa ba, tunda yana iya tabbatar maka lambobi biyu ne da biyu da huɗu, amma bai san Afrilu ba shi da 31 ba.

Shekara mai lamba biyu ka ƙi ta gaba ɗaya idan da hali. Python yana ɗaukar 69 zuwa 99 a matsayin ƙarni na ashirin, 00 zuwa 68 kuma na ashirin da ɗaya. A .NET iyakar ta daɗe tana 2029 kafin a matsar da ita 2049. Wato wanda ya rubuta 45 yana nufin an haife shi 1945 zai iya zama wanda za a haifa 2045, gwargwadon inda manhajar take gudana.

Bayan an tabbatar ranar tana wanzuwa, saura a tambayi ko tana da ma'ana a wannan fom ɗin. Ranar 12 ga Mayu na shekarar 0224 ingantacciya ce a wurin laburare, amma kowa ya san yatsa ne ya zame. Ka sa wa kowane akwati iyaka ta ƙasa da ta sama bisa aikinsa: ranar haihuwa ba ta wuce yau, ranar ƙarewa ba ta gabaci ranar farawa, adadin watanni ba ya zama sifili ko ƙasa da shi ko wata lambar da za ta fitar da sakamako daga iyakar nau'in. Sai dai ka bambanta abin da ba zai yiwu ba da abin da ba a saba gani ba. Na farko a hana shi, na biyu a yi gargaɗi a bar mutum ya tabbatar, domin idan ka toshe hanyar gaskiya, ma'aikaci zai ƙirƙiro ranar ƙarya don fom ɗin ya wuce, bayananka su lalace ta inda ba za ka gani ba. Akwatin da aka bari fanko kuma a ajiye shi a matsayin babu, kada a cike gurbinsa da 1 ga Janairu 1900 ko da mafi ƙanƙantar ranar da nau'in ya sani. DateTime.MinValue shekara ta 1 ce, nau'in datetime na SQL Server kuwa daga 1753 yake farawa, don haka rumbun zai ƙi karɓa, inda ya karɓa kuma wata rana rahoto zai nuna yarjejeniyar da ta shekara dubu biyu.

Mutane da yawa za su ce maka ka sa akwatin zaɓen rana mai ɗan kalanda, kamar DateTimePicker ko QDateEdit, ka huta. Yana hana ranar da babu ita, wannan gaskiya ne, kuma ina goyon bayansa ga ranakun da ke kusa da yau. Amma ka tuna yakan buɗe da wata rana a cikinsa, galibi ta yau, kuma mai sauri zai tsallake shi ya adana ba tare da ya lura ba. Ga wanda yake shigar da fom ɗari a yini ko yake neman ranar haihuwa ta shekaru hamsin baya, rubutawa da madannai ta fi masa sauƙi fiye da juya shafukan kalanda da linzami, saboda haka ka bar masa hanyoyin biyu.

Lokacin yin tantancewar ma abin lura ne. Wanda ya rubuta 1 yana kan hanyarsa ta rubuta 15, bai yi laifi ba tukuna, kuma ja masa jan layi a wannan gaɓar cin fuska ne. Qt ya gane haka, shi ya sa QValidator yake da matsayi uku, wato wanda aka ƙi, wanda ke tsaka-tsaki, da wanda aka karɓa. Ka duba akwati idan mutum ya bar shi, ka sake duba fom ɗin gaba ɗaya idan ya danna adanawa, domin a nan ne ake iya kwatanta akwati da akwati. A Windows Forms na .NET, idan ka soke fita daga akwati a cikin Validating, wato matakin duba akwati lokacin da ake barinsa, ka tabbata ka kashe CausesValidation a kan maɓallin fasawa, in ba haka ba za ka tsare mutum a cikin akwatin da yake son ya bari. Saƙon kuskure ya fito kusa da akwatin, ya faɗi abin da ya faru da abin da za a yi, misali cewa Fabrairun 2023 kwana 28 gare shi, kuma kada a goge abin da mutum ya rubuta. Abin da na fi ganin amfaninsa a nan ƙarami ne: da zarar an karɓi rana, a sake nuna ta a gefe da kalmomi, kamar Alhamis, 3 ga Afrilu 2025. Wanda yake nufin 4 ga Maris zai ga Afrilu ya tsaya nan take, tun kafin abin ya kai rumbun bayanai. Ƙa'idojin kansu kuma su zauna a wani sashe na kod da ba ya jingine da fom, domin ranar da za a shigo da bayanai daga fayil su bi ta ƙofa ɗaya da waɗanda aka rubuta da hannu.

Wajen adanawa, ka yi amfani da ginshiƙi mai nau'in kwanan wata idan rumbun yana da shi. Idan rubutu ne dole, kamar a SQLite ko a fayil, ka bi tsarin ISO 8601, shekara sannan wata sannan rana, kamar 2025-04-03, wanda ba ya rikicewa kuma jerinsa na haruffa ya yi daidai da jerin lokaci. Game da kwanakin da suka rage, ranar yau tana fitowa ne daga agogon kwamfutar mai amfani, wanda zai iya zama ba daidai ba, don haka idan akwai saba, wato babbar kwamfutar da manhajar ke haɗuwa da ita, ita za a tambaya. Ka ɗauko ranar yau sau ɗaya a farkon aiki ka miƙa ta ga umarnin lissafi daga waje, kada umarnin ya riƙa leƙa agogo da kansa. Wannan ne zai ba ka damar gwada manhajar a kan 31 ga Janairu da 31 ga Agusta, da 28 da 29 ga Fabrairu a 2023 da 2024 da 2100, da 31 ga Disamba na shekara mai kwana 366, da ranar farawa da ta zama ita ce ranar ƙarewa, ba tare da ka jira waɗannan ranakun su zo ba. Bayan haka ka canja saitin yankin kwamfutarka zuwa na Amurka, sannan na Ingila, sannan na Tailan, ka sake gudanar da gwaje-gwajen a ƙarƙashin kowanne, ka duba ko abin da ya shiga rumbun bayanai iri ɗaya ne a duka ukun.